Tambaya da Amsa: Na yi ta cewa "Hey Cortana" laftof ɗina ta yi min shiru

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya ne, wato yadda mutum zai yi wa laftof magana da baki ta ji ta aikata, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Wasu na rage musu tsayi, masu su a yi min afuwa.

Slm malam, ya aiki ya iyali. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a yankin Gagarawa, na sayi laftof HP ta hannu a Kano bayan na sayar da riɗina. To na ga wani bidiyo a YouTube bature yana cewa Hey Cortana kwamfutar tana amsa masa har tana buɗe masa abubuwa, ni kuma na yi ta faɗa har yarana suka fara kwaikwayona amma shiru kake ji. Wani yaro mai gyaran waya a kasuwarmu ya ce in kawo dubu uku zai sa min ita. In ba shi?

Wa'alaikumussalam Malam, Allah ya sa albarka a cinikin riɗi. Kar ka ba shi ko sisi. Ba wai na ce yaron ɗan damfara ba ne, ƙila shi ma tsohon bidiyon ya kalla, amma abin da zai sa maka ɗin babu shi yanzu. Cortana ta Microsoft ce, ta zo kan kwamfuta tare da Windows 10 a 2015, kuma kamfanin da kansa ya rufe ta a 2023. Ko ka ga zoben nan nata a laftof ɗinka ka danna, iyakarta ta nuna maka rubutu cewa an daina amfani da ita. To ka ga duk wanda ya ce zai farfaɗo maka da ita ko dai ya saka maka wani tarkace daga intanet wanda ba ka san me ke cikinsa ba, ko ya ci kuɗinka ya ce sabis ne babu.

Amma abin da ka gani a bidiyon bai tafi ba, raba shi aka yi gida uku, kuma duka ukun kyauta ne. Akwai mai rubuta maka abin da ka faɗa, akwai mai buɗe maka manhajoji da danna abubuwa, sai kuma mai hira da amsa tambaya. Kafin mu je can sai ka fara sanin wane Windows ne a kan laftof ɗin, don nan ne mutane da yawa suke ɓata dare suna bin bayanin da ba na kwamfutarsu ba. Ka riƙe maɓallin Windows, wannan mai hoton taga a layin ƙasa kusa da Alt, ka danna R, wani ɗan akwati zai fito sai ka rubuta winver ka danna Enter. Zai nuna maka ko 10 ce ko 11, har da lambar zubinta a ƙasa, irin su 22H2 ko 23H2 ko 24H2. Rubuta lambar a takarda.

In 11 ce kuma lambar ta kai 22H2 ko sama da haka to ka dace, kana da abin da ake kira Voice access. Ka shiga Settings, ka gangara Accessibility, ka nemi Speech, za ka ga wurin kunna shi. Karon farko zai nemi ya sauko da fayil ɗin muryar daga intanet, nan ne kawai zai ci maka data, don haka ka bari sai ka je inda sabis yake da ƙarfi ko ka yi da daddare lokacin da layi ya yi sauƙi, in ya katse a tsakiya haushi ne zai kama ka. Da zarar ya gama shikenan, ko babu intanet yana aiki, kuma a ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa na fi son sa ga mutanenmu na karkara da wani lokacin sai an hau tudu ake samun sanda biyu. Wani dogon layi zai bayyana a can saman sikirin da hoton makirfo a gefen hagu. Ka ce "Voice access wake up" sai ya farka. Ka ce "Open Notepad" ko "Open Word" ya buɗe. "Scroll down" ya gangara da shafi, "Close window" ya rufe. Wanda ya fi burge ni shi ne "Show numbers", kana faɗa sai ka ga ƙananan lambobi sun fito a jikin duk wani abu da ake iya dannawa a sikirin, sai kawai ka ce "Click 7" ko ma wace lamba ce a kan abin da kake so, ba sai ka wahalar da bakinka wajen furta dogon sunan Turanci ba. In ka manta umarnin ka ce "What can I say" zai jero maka su. In ka gama ka ce "Turn off microphone".

In kuwa 10 ce, wanda shi na fi zato tunda yawancin na hannun da ake kawowa Beirut Road da Farm Centre tsofaffi ne, to Voice access babu shi a nan. Abin da kake da shi tsoho ne mai suna Windows Speech Recognition, tun zamanin Windows Vista yake. Ka danna Windows da Ctrl da S tare zai fito ya bi da kai mataki mataki. Shi ma ba ya buƙatar intanet, sai dai kunnensa bai kai na sabon ba, dole ka zauna ka horar da shi, a cikin Control Panel wajen Speech Recognition akwai inda aka rubuta Train your computer to better understand you, zai riƙa nuna maka jimlolin Turanci kana karantawa da ƙarfi yana sabawa da muryarka. Kar ka tsallake wannan. "Start listening" ke tashinsa, "Stop listening" ke kwantar da shi, kuma "Show numbers" ɗin nan shi ma yana ji. In ya ƙi buɗewa yana ƙorafin yare, ka duba Time & language ka mayar da yaren zuwa Turancin Ingila ko na Amurka.

Tunda maganar ta zo, Microsoft ta tsayar da ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Laftof ɗin ba za ta mutu ba, tana nan tana aiki, amma duk mai shirin sayen wata yanzu ya tambayi mai shago ko tana ɗaukar 11 da gaske ba ta ƙarfin tsiya aka ɗora mata ba. A ƙa'ida sai injin Intel ƙarni na 8 zuwa sama, da wani abin tsaro da ake ce wa TPM 2.0.

Na farkon, mai rubuta abin da ka faɗa, bayaninsa na cikin amsa ta gaba. Na ukun, mai hira, sunansa Copilot, shi aka kawo bayan Cortana. Ka buɗe manhajar ka danna hoton makirfo ka yi masa tambaya zai amsa da murya. Wannan ba ya motsi sai da intanet, kuma hirar murya tana jan data fiye da rubutu. Zai taimaka maka wajen tsara darasi ko gyara wasiƙar Turanci, amma yana iya kawo maka ƙarya da ƙwarin gwiwa, don haka abin da za ka koya wa yara ka duba littafi tukun.

Assalamu alaikum yaya, ɗaliba ce ni a kwalejin ilimi ta Gumel sashen Hausa, ina rubuta furojet kuma wlh yatsuna ba sa sauri a kibod, shafi ɗaya sai ya ci min yini. Ƙawata ta ce in danna Windows da H in yi magana zai rubuta. Na gwada, na ce masa "tarihin masarautar Gumel" ya rubuta min wani shirmen Turanci da ba kai ba gindi. Laifin laftof ɗin ne ko na bakina?

Ƙanwata ba laifin ko ɗaya ba ne. Ƙawarki ta yi gaskiya, Windows da H yana buɗe mai rubuta magana, a 10 da 11 duka, in dai kin ajiye alamar rubutu a cikin Word ko wani wurin da ake rubutu kuma akwai intanet, don shi ba a cikin laftof yake sauraro ba, tura muryar yake can wurin Microsoft a fassara a dawo da rubutun. Matsalar ita ce ba ya jin Hausa, haka Voice access da tsohon na Windows 10, haka Siri ta kwamfutocin Apple. Kin yi masa Hausa shi kuma yana lalubo kalmar Turancin da ta fi kama da sautin da ya ji, shi ya sa kika ga wannan kwamacalar. Gaskiya abin yana ba ni takaici, yaren da miliyoyin mutane ke yi daga Kano har Maraɗi da Damagaram amma har yau babban tsarin kwamfuta bai san da zamansa ba ta wannan fuskar, duk da dai dalilin a fili yake, injin nan da rikodin ɗin muryoyin mutane da rubutunsu ake koya masa, namu kuma wanda aka tara bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da na Turanci.

Ga dabarar da zan ba ki, ki bi ta waya. A watan Oktoban 2024 Google ya sanar da ƙara Hausa da wasu yarukan Afirka, har da Yarbanci da Ibo, cikin waɗanda ake iya yi wa magana a rubuta a kibod ɗinsa na Gboard. To ki sa Gboard a wayarki ta Android, ki shiga saitinsa wajen Languages ki ƙara Hausa, ki koma kan Hausar, sai ki danna ɗan makirfon da ke saman kibod ɗin ki fara magana. Ki yi rubutun a cikin Google Docs na waya, in kin buɗe Docs ɗin a laftof da imel iri ɗaya za ki tarar da shi yana jiranki. In wannan ya yi miki nisa ki tura wa kanki saƙon a WhatsApp, ki buɗe WhatsApp Web a laftof ki kwafe ki zuba a Word. Jimla ɗaya ɗaya za ki riƙa yi, ki tsaya ki ga ta fito sannan ki ci gaba, kuma ki yi daidaitacciyar Hausa irin ta masu karanta labarai a rediyo, in kika saki baki irin hirar tsakar gida zai fi yawan kuskure.

Kuma don Allah kar ki kai wa malaminki ba ki bi kansa ba. Ki duba haruffa masu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, ɓ da ɗ da ƙ, a sashen Hausa kike, kin san bambancin kafa da ƙafa zai iya jawo miki jan biro. Ki duba rabon kalmomi da sunayen garuruwa da na sarakuna, nan inji ya fi tafka ɓarna. Windows tana da kibod ɗin Hausa a ciki, ana ƙara shi a Time & language wajen Language, zai sauƙaƙa miki gyaran ƙugiyoyin.

Ɓangaren da za ki rubuta da Turanci kuwa, ki buɗe Google Docs a Chrome a kan laftof, ki shiga Tools ki zaɓi Voice typing, ko ki danna Ctrl da Shift da S. A saman hoton makirfon akwai jerin yaruka, a ciki akwai Turancin Najeriya, shi za ki zaɓa don an yi shi ne domin lafazinmu. Akwai Larabci ma a jerin, malaman Islamiyya masu tambayata sai su riƙe wannan.

Oga ina da shagon buga takardu da fotokofi a Dambatta. Na kunna abin nan na murya kamar yadda ake faɗa amma ko motsi ba ya yi, kamar ma ba ya ji na kwata-kwata.

Abokina kafin ka zargi manhaja ka duba kunnen tukun. Settings, System, Sound, ka gangara wajen Input. Akwai wani ɗan layi da ke tsalle in ana magana, ka yi gyaran murya ko ka tafa hannu ka kalle shi. In ya motsa makirfo na da rai. In bai motsa ba to ka duba layin maɓallan F na sama, da yawan laftof suna da maɓallin toshe makirfo mai hoton makirfo da aka ja wa layi, a ThinkPad F4 ne kuma yana da ɗan haske, in hasken na kunne to a toshe yake, sau da yawa yaran shago ne ke dannawa ba su sani ba. Bayan nan ka shiga Privacy, a 11 an rubuta Privacy & security, ka nemi Microphone ka tabbatar an bar manhajoji su yi amfani da shi.

Sai kuma ka kalli gefen kyamara a saman sikirin da kyau, za ka ga 'yar ƙaramar huda ɗaya ko biyu, nan makirfon yake a yawancinsu. Masu rufe kyamara da sitika ko salatif sukan haɗa har da hudar su liƙe, ƙurar hunturu ma tana cika ta. Ka goge da busasshen burushi mai laushi, kar ka zura allura ko tsinke, za ka huda abin da ke ciki.

Amma ni zargina ya fi tafiya kan shagon naka. Ranar Lahadi da kasuwar Dambatta ke ci, janareto na ruri a bakin ƙofa, fanka na kaɗawa a kanka, injin fotokofi na aiki, masu babur na ta hon, a haka ko mutum ne sai ka ɗaga murya balle makirfon laftof da ke nesa da bakinka da kamu biyu. Ka nemi iyafis na waya mai makirfo a jikin igiyar, irin mai zobe uku a bakin filoginsa, ka soka a ramin laftof ɗin, in ta tambaye ka me ka soka ka zaɓi Headset. Ka riƙe makirfon kusa da haɓarka ba daidai bakinka ba saboda hucin numfashi. Ba sai ka yi ihu ba, ihu ƙara rikita shi yake. Sannan mu Hausawa mu ɗan kula da p da f, in ka ce masa ofun zai tsaya yana kallonka, ka haɗe leɓe ka fitar da p ɗin. Gaskiyar magana dai, in kai mai saurin hannu ne a kibod, a shago mai hayaniya hannun naka zai fi maka.

Malam mahaifina tsohon ma'aikacin gona ne ya yi ritaya yana zaune a wani gari kusa da Birnin Kudu. Idonsa ya yi rauni kuma hannunsa na rawa, amma yana jin Turanci sosai kuma yana son sauraron karatu da labarai a laftof da na bar masa. Wannan abin zai yi masa amfani?

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka maka da alheri kai ma. Irinsu Baba ai don su aka yi Voice access tun asali, shi ya sa aka ajiye shi a sashen Accessibility. In laftof ɗin 11 ce ka kunna masa, a wurin kunnawar akwai zaɓin ya riƙa tashi da kansa duk lokacin da aka shiga kwamfutar, ka sa masa alama don kar kullum sai ya nemi mai taya shi. Kar ka jibga masa umarni da yawa, ka rubuta masa biyar ko shida da manyan baƙaƙe a kwali ka jingina a gefe, na tashi, na buɗe Chrome, na gangarawa, na lambobi, na rufewa. Ka zauna da shi ku maimaita har bakinsa ya saba kafin ka koma birni.

Don idon kuma, Windows da alamar tarawa yana ƙara girman komai a sikirin, Windows da Esc ya mayar. A Accessibility akwai Text size, ka ja shi sama. Akwai kuma Narrator mai karanta abin da ke sikirin da murya, Windows da Ctrl da Enter ke kunna shi, su ne kuma ke kashe shi, ka koya wa Baba kashewar da kyau don in ya fara zuba ba ya gajiya. Turanci zai karanta masa lafiya lau, amma in ya shiga shafin Hausa da lafazin bature zai karanta, ba daɗin ji, gara ya saurari shirye-shiryen rediyo kai tsaye. In raunin idon ya yi yawa akwai NVDA, manhajar kyauta ce da makafi a duniya ke amfani da ita sosai. Kuma a kai shi likitan ido ya duba, in yanar ido ce ana cire ta mutum ya koma gani.

Slm. Maigidana ya ce in aka kunna wannan abin to duk hirar da muke a ɗaki turawa suna ji. Da gaske ne? Daga wata uwargida a Kura.

Hajiya maigidan bai faɗi a banza ba, sai dai abin bai kai yadda ya ɗauka ba. A 2019 an bankaɗo cewa manyan kamfanonin nan, Apple da Google da Amazon da Microsoft, suna ba wasu 'yan kwangila guntayen rikodin ɗin muryoyin mutane su saurara don a gyara injin, kuma a ciki an samu waɗanda aka ɗauka bisa kuskure ba da sanin masu su ba, har Apple ta fito ta ba da haƙuri. To tsoron yana da tushe.

Bambancin da za ki riƙe shi ne, Voice access a cikin laftof ɗin yake sarrafa muryar, shi ya sa yake aiki ba data. Windows da H da Copilot da na Google su kam sai sun tura muryar waje, amma a lokacin da aka kunna makirfonsu. Duk sanda wata manhaja ke sauraro za ki ga ɗan hoton makirfo a ƙasan sikirin ta dama kusa da agogo, ki kai linzami kansa zai faɗa miki wace ce. Copilot yana da zaɓin a kira shi da "Hey Copilot", wannan sai mutum ya kunna da kansa, in ba kwa so ku bar shi a kashe. In kuma hankalinku bai kwanta ba ku shiga Privacy wajen Microphone ku kashe gaba ɗaya, ranar da za ku yi kiran bidiyo da 'yan uwa ku kunna. Lambar sirrin banki da BVN da NIN kuwa kar a taɓa karanta wa kowanne daga cikinsu da baki, a rubuta da hannu.

Ɗan'uwan da ya turo daga Kazaure yana tambayar MacBook da yayansa ya aiko masa, taka Siri ce, tana kan Mac tun 2016. Ka danna hoton tuffa a sama ta hagu, ka shiga System Settings, a tsofaffi System Preferences aka rubuta, ka nemi Siri ka kunna, a nan za ka zaɓi yare da maɓallin kiranta. Tana jin Turanci da Larabci.